Shekarar da Na Hana Nafi'u Sa Hannu

Hafsatu, ke da ƙaninki Sagiru, wannan ɓangaren naku ne, domin na san abin da kuke ji a gari. An ce muku kakanku ne ya hana ubanku dawowa gida. Ban ɗauki alƙalami don in ƙaryata ba. Sai dai masu faɗa rabi suke faɗa su bar rabi, ni kuwa na fi shekara talatin ina magatakardan Dagacin garin nan, ban saba rubuta rabin magana ba.

Sai kun san aikin da na yi za ku gane abin da ya shiga kaina. Gonakinmu a nan tsakanin Ɗambatta da Minjibir a manne suke da juna, babu daji, babu saura, inda kunyar wannan ta ƙare nan ta wancan ta fara. Saboda haka rigimar iyaka ba ta yankewa. A gabana ake kawo ta. Mai unguwa ya gwada, in ta gagare shi ya turo wa Dagaci, in ta fi ƙarfin Dagaci a kai wa Hakimi, daga nan sai alƙali, alƙali ma yana da na samansa. Duk wanda ke sama in ya buga hatimi, na ƙasa ya yi shiru, magana ta mutu. Haka na ga duniya tana tafiya tun ina saurayi, kuma ban taɓa zaton akwai inda take tafiya daban ba. Abu na biyu da aikin ya koya mini shi ne tsoron dangwala yatsa. Na ga wani bawan Allah da hukuncin alƙali a aljihunsa, gona tasa ce fes, amma ya gaji da zirga-zirgar Ɗambatta, aka kawo masa wata takarda aka ce sulhu ce, ya dangwala. Ashe an rubuta a ciki cewa aro aka ba ubansa. Yau 'ya'yansa ƙodago suke yi a gonar. Ire-irensa na ga sun fi a ƙirga. Shi ya sa kowa a gidan nan ya san dokata: in kana da gaskiya, ko wuƙa aka sa maka a wuya, kada ka yarda ka sa hannu a takardar da ta kira ka mai laifi.

Ubanku Nafi'u shi ne ɗana na uku. Gonar da za ta faɗo masa ba ta kai ta ciyar da mutum biyu ba, sai ya fara cin rani a Legas. Yana da hannun girki, wannan daga uwarsa Tasalla ya samo, ba daga ni ba. Ya fara da tebur ɗin shayi a bakin tashar jiragen ruwa, ya koma dafa wa ma'aikata abinci, har wata rana aka ɗauke shi kuku a jirgin dakon kaya. Tasalla ta yi ta faɗa, ta ce mutumin da bai san ruwan da ya wuce kududdufin bayan gari ba, me ya kai shi teku. Ni na goyi bayansa. Aiki ne na halal, yana da littafinsa na ma'aikacin jirgi, kuma yana zuwa gida ya yi wata biyu ko uku ya koma. A wannan zuwan na ƙarshe ya bar uwarku Sa'ade da cikin Sagiru, ke kuma Hafsatu kina koyon magana.

Muna shukar gero ya kira. Ya ce sun kai takin zamani wata ƙasa mai nisa, ba zan rubuta sunanta ba, mai jirgi da mai kaya suka sami saɓani, kotun ƙasar ta tsare jirgin a ruwa, nesa kaɗan da gaɓa, suna hango gine-ginen gari. Mai jirgin kuwa ya kashe wayarsa, an neme shi an rasa. Su goma sha ɗaya ne a ciki, kuma ba a bari kowa ya sauka, domin babu mai bizar shiga ƙasar. Ban ɗaga hankalina ba sosai. Na ce masa rigimar manya ce, kuku ba shi da ruwa a ciki, ya yi haƙuri. Na kira gwaggonku Barira, ƙanwarsa, wadda take aikin lauya a Kano, na ce ta bi maganar.

Ta bi, Allah ya yi mata albarka, ta bi kamar za ta zauce. Bayan 'yan makonni ta shigo motar Ɗambatta da takarda a hannu. Daga wani babban ofishi na ƙasashen duniya take, wanda yake kula da haƙƙin ma'aikatan jiragen ruwa. Ga sunan jirgin, ga sunan Nafi'u a jerin sunaye, ga hatimi a ƙasa. Ta fassara mini layi-layi. Takardar ta ce bisa yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla, ma'aikacin da mai jirgi ya yi watsi da shi ba mai laifi ba ne, kuma haƙƙinsa ne a mayar da shi gida ba tare da ya biya ko sisi ba. Na shafa hatimin nan da yatsana. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhu daga ka. Na ce a raina, ai shi ke nan, na saman kowa ya yi magana.

Barira ta ce, "Baba, kada ka ɗauke ta kamar hukuncin alƙali. Akwai sauran bayani."

Na ce mata tun ba a haife ta ba nake karanta takardu, na san takarda mai ƙarfi in na gan ta. Ta buɗe baki za ta ƙara, na ɗaga mata hannu. A gidana ba a maimaita mini magana, ba kuma a tambayata abu ɗaya sau biyu, duk 'ya'yana a haka na raine su, ina alfahari da hakan. Na kai takardar masallaci na nuna wa liman, na nuna wa Dagaci. Na shiga gida na ce wa Tasalla ɗanta yana hanya.

Muna maimai, wato noma na biyu, gero ya kai gwiwa, wayar ta sake shigowa bayan la'asar, ina zaune a tsakar gida. Na sa ta a fili kowa yana ji. Nafi'u ya ce ma'aikatan shige da fice na ƙasar sun hau jirgin da wata takarda. Duk wanda ya sa hannu cewa ya shigo musu ƙasa ba da izini ba, za a sauke shi, a kulle shi wata ɗaya, sannan a sa shi a jirgin sama a kore shi gida. Za a kuma buga tambari a littafinsa, wanda da wuya wani jirgi ya sake ɗaukarsa. Mutum shida sun ce za su sa. Shi ya ce sai ya ji daga bakina.

Jinina ya hau. Wane izini? Shi ya tuƙa jirgin? Mutum yana kicin yana yanka albasa, a ce ya rubuta da hannunsa shi baƙon haure ne, a kai shi gidan yari, alhali ga takarda daga sama ta wanke shi. Ni dai abin da na gani a gabana shi ne mutumin nan mai gona da yatsansa a tawada. Tasalla tana bakin murhu, ta ajiye muciya ta matso.

"Malam, wata ɗaya ne fa. Bar shi ya sa ya taho. In ya so ya dawo ya yi noma."

Sa'ade tana bakin ƙofar ɗakinta, ba ta isa ta yi magana a gabana ba, amma na ga yadda take kallon wayar. Nafi'u ya ce ya riga ya yi magana da Barira, ita ma ta ce ya sa. Wannan ya ƙara hasala ni, wato an gama shawara a bayana. Na ɗauki wayar na kafa ta a bakina.

"Nafi'u, in ka sa hannu a takardar nan, ban yafe maka ba."

Tasalla ta dafe ƙirji. Kun san nauyin wannan kalma a bakin uba, ni ma na sani, don na sani ne na faɗa. Can sai muryarsa ta fito a hankali.

"To, Baba."

Mutum shidan suka sa hannu, aka sauke su. Kafin gero ya fid da kai ɗaya daga cikinsu ya kira Barira daga Legas, yana gidansa yana cin abinci da 'ya'yansa. A ranar da aka gaya mini na ce wa kaina sun sayar da mutuncinsu, nawa ɗan zai sauko ta ƙofar gaba. Abin da ban sani ba shi ne, tafiyar shidan nan ta canza komai. Kotun ƙasar ta rubuta sunayen mutum biyar da suka rage a matsayin masu gadin jirgi. Aka janye takardar korar. Ko sun so sa hannu yanzu, babu.

Barira ta zo da kanta ta gaya mini, don ta san ba maganar waya ba ce. Muka zauna a zaure. Wannan karon ban ɗaga mata hannu ba. Ta ce takardarmu gaskiya ce, babu ƙarya a cikinta, amma ƙasar da ta tsare jirgin ba ta taɓa shiga waccan yarjejeniya ta ma'aikata ba, don haka ba ta hau kanta ba. Na ce to ai jirgin yana da ƙasarsa. Ta ce jirgin yana ɗauke da tutar wani ƙaramin tsibiri ne da bai taɓa zuwa ba, rajista kawai ya yi a can, su kam sun shiga yarjejeniyar, amma da suka ji rigima sai suka soke sunan jirgin daga littafinsu, suka ce ba nasu ba ne. Ƙasar mai jirgin ta ce kamfanin ba a wajenta aka kafa shi ba. Namu mutanen na gwamnati kuwa roƙo kawai za su iya. Sannan akwai wata doka daban ta kiyaye haɗari a teku, ita ma ta ƙasashen duniya ce, ita kuwa ƙasar ta shiga, kuma da ita ake cewa jirgi mai taki a ciki ba a barinsa babu mutane, don takin yana iya kamawa da wuta.

Na dube ta kamar yau na fara ganinta. Na ce, tsaya, wadda ta ce a kai shi gida dokar duniya ce? Ta ce e. Wadda ta ce ya zauna fa? Ta ce ita ma. Na ce to a kai su gaban na samansu ya raba gardama.

"Babu na sama, Baba. Kowace da ofishinta, kowace da masu hukuncinta, kuma babu wadda take tilasta wa ɗaya."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na rantse muku ban taɓa jin magana ta girgiza ni kamar wannan ba. Duniya guda, da jiragenta da manyan gine-ginenta da masu ilmin da ake ta ambata a rediyo, a ce tsarinta bai kai na ƙauyenmu ba? Mu nan ko akuya ce ta shiga gona akwai wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Na ce mata ko a Shari'a malamai suna saɓani, amma Littafi ɗaya suke komawa. Ta ce su ma malamansu na boko suna ta gardama a kan haka, wasu suna cewa asalin dokar ɗaya ne kuma ana iya daidaita ta, wasu suna cewa ta riga ta rarrabu, ta teku daban, ta ciniki daban, ta haƙƙin ɗan Adam daban, kowa ya ja nasa. Na ce su yi ta gardamarsu, ni ɗana yana kan ruwa. Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko takardar nan mai hatimi, na yi ta juya ta, ina neman inda aka rubuta wanda zai aiwatar. Babu.

A nan ne na yi kuskure na biyu, wanda mutanen gari ba su sani ba, kuma shi ya fi na farko. Na gane na yi ɓarna, amma ban kira Nafi'u na ce na janye kalmata ba. Na ce wa kaina, tunda an ɗauke takardar korar, janyewar ba ta da amfani, me zai sa in zubar da girmana a banza. Muna waya, in an tashi injin jirgin sun sami wuta, amma hirar damina muke yi. Ya tambayi gero, ya tambayi gyaɗa, ya tambaya ko an gyara katangar da ta zube. Ni ma in tambaye shi abin da suke ci. Ya ce wani ƙaramin kwalekwale yana kawo musu shinkafa da ruwa, wani lokaci ya zo, wani lokaci a yi mako biyu shiru, suna kama kifi da ƙugiya. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, aka cire gyaɗa. Sagiru, aka haife ka, ubanka ta waya ya faɗi sunan da za a raɗa maka. Barira ta samo wani kwamiti kuma, na kare haƙƙin ɗan Adam, su ma suka rubuto takarda mai kyau suka ce sun damu ƙwarai, sun nemi ƙasar ta ba da amsa cikin wasu watanni. Wannan ban kai ta masallaci ba. Da rani ya yi nisa wayar ta fara wuya, man injin ya kusa ƙarewa, sai a yi kwana goma ba mu ji shi ba. In mun ji shi muryarsa ta sauya, yana magana yana hutawa. Ya ce ƙafafunsa ne suka ɗan kumbura, ba komai. Barira ta nemi a kai shi asibiti, aka ce sai wakilin mai jirgi ya nema a rubuce, mai jirgin da ba a san inda yake ba.

Da bazara, hadari ya fara haɗuwa muna gyaran gona, wata baƙuwar murya ta kira ni da hantsi. Mai maganar ya ce sunansa Rasaki, Bayarabe ne, abokin aikin Nafi'u, ya ɗan zauna a Sabon Gari don haka yana jin Hausa. Ya ce in yi haƙuri, Allah ya yi wa Nafi'u rasuwa da safiyar nan. Na zauna a kan kunya. Daga nan na tambaye shi ƙarfe nawa za a yi jana'iza, mu ma mu taru a nan mu yi addu'a a lokacin. Ya ce ba za a bari a sauke shi ba tukuna.

Kwana goma sha bakwai. Ku karanta da kyau. Mu da in mutum ya cika da safe kafin azahar an dawo daga maƙabarta, ɗana ya yi kwana goma sha bakwai ba a sa shi a ƙasa ba, saboda an rasa wanda zai rubuta takardar mutuwarsa. Masu tashar suka ce a cikin jirgi ya mutu, jirgi kuwa a doka yana bin ƙasar tutarsa. Masu tutar suka ce sun daɗe da soke shi. Wato a takarda babu ƙasar da Nafi'u ya mutu a cikinta. Abokansa huɗu suka yi masa wanka, suka naɗe shi a zanen gado, suka sa shi a ɗakin sanyin da yake ajiye nama, suka haƙura da fitila da waya don ɗan man da ya rage ya riƙe sanyin. Mutane suna zuwa mini gaisuwa suna cewa Allah ya sa ya huta, ni na san inda yake kwance. Tasalla ta daina cin abinci. Kullum da safe tambayarta ɗaya ce, an binne shi? A ƙarshe wani limami na masuntan garin ya ji labari, ya tara jama'arsa suka yi ta zarya har aka ba su shi, suka yi masa sutura. Allah ya saka musu da aljanna, ban san ko sunan ɗaya daga cikinsu ba. Kuma abin da ya ƙara ɗaure mini kai, ba a yi mako biyu da binne shi ba aka sallami sauran huɗun, aka kawo wasu masu gadi daga cikin gari. Ashe ana iyawa.

Bayan arba'in Rasaki ya zo har garin nan, ya sha hanya daga Legas, ya kawo jakar ubanku. Na shigar da shi tsakar gida ya gaida uwar mamaci. Aka shimfiɗa masa tabarma, Tasalla tana zaune bakin ƙofarta, Sa'ade tana ciki tana takaba amma tana ji. Na tambaye shi ko Nafi'u ya bar wasiyya. Ya ce akwai, amma sai ya fara da abin da ya faru. Ya ce da kumburin ya hau har ciki, wani jami'in shige da fice da yake zuwa duba su ya ji tausayi. Jami'in ya ce shi ba shi da ikon kai ma'aikacin jirgi asibiti, amma yana da ikon kai fursuna. Ya dawo da takardar nan ta farko, don Nafi'u shi kaɗai, ya ce ya sa hannu a yau a sauke shi a kai shi wajen likita. Kusan wata guda ke nan kafin rasuwar.

Na ce, "To me ya hana?"

"Ya ce Baba bai janye ba."

Rasaki ya ce sun roƙe shi, sun yi masa faɗa, sun ce ga waya, za su tashi inji ya kira gida ya tambaya. Nafi'u ya ce musu ba a tambayar Babansa abu ɗaya sau biyu. Jami'in ya sake dawowa bayan kwana uku, ya sake komawa da takardarsa. Wasiyyar kuwa, Rasaki ya ce ana gobe zai rasu Nafi'u ya kama hannunsa ya ce, in ka je gida ka gaya wa Baba ban sa ba.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ɗaga murya har maƙwabta suna ji, na ce na janye, na janye, na yafe masa duniya da lahira, ya sa hannu a duk abin da aka ba shi. Rasaki ya sunkuyar da kai. Tasalla ba ta yi kuka ba, ba ta ko ɗago ta dube ni ba.

Ta ce, "Malam, wa kake gaya wa?"